Babi na Biyar: Rediyo Mai Lamba da Yadda Ake Saita Shi

Me ya sa tsohon rediyona mai allura yake kamo mini Landan tas, amma wannan sabon mai lamba da na zuba wa kuɗi sai shiiii yake yi? Duk wanda ya saba zama a rumfar mai gyaran rediyo a kasuwar Haɗejiya, ko a teburin mai shayi bayan sallar asuba, ya taɓa jin wannan tambaya ko 'yar'uwarta. Mai tambayar yakan zo ya riga ya yanke hukunci: kayan yanzu ba su da ƙarko, an cuce shi. Wani lokacin da gaskiyarsa, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Amma sau da yawa rediyon lafiyarsa ƙalau, saiti ne ba a yi masa ba.

Tsohon rediyo yana da haƙuri. Kana murɗawa allura tana bi ta kan kowace tasha, kunnenka ne zai tsayar da kai inda murya ta fi fita. Mai lamba ba ya lalube. Lambar da ka ba shi a kanta zai tsaya, ba ƙari ba ragi. In ka ba shi daidai, ya fi tsohon riƙe tasha, ba ya zamewa ko da ya wuni a kunne. In ka kuskure da ɗan kaɗan, sai ya bar ka da ƙara. Don haka mai irin wannan rediyo yana bukatar sanin wasu abubuwa da mai allura bai taɓa tambayar kowa ba.

Mai lamba daban, dijital daban

Idan ɗan kasuwa ya ce maka rediyon nan dijital ne, yawanci abin da yake nufi shi ne yana da ɗan gilashi mai nuna lamba, kuma a cikinsa akwai wani ɗan guntu da bai kai farcen yatsa ba, wanda ke tace sauti da lissafi irin na kwamfuta. Irin su Tecsun da wasu Kchibo na yanzu ke nan. Abin da yake kamowa daga iska kuwa shi ne dai AM da FM ɗin da iyayenmu suka saurara.

Watsa shiri na dijital wani abu ne dabam. Akwai tsarin DAB, wanda BBC ta fara a Ingila a 1995, har ƙasar Norway ta kashe manyan tashoshinta na FM a 2017 ta koma kansa. Akwai kuma DRM, wanda aka yi domin gajere da matsakaicin zango. Indiya ta rungume shi sosai, kuma injinan da Muryar Najeriya ta ƙaddamar a Lugbe kusa da Abuja a 2012 suna iya watsa shi. Halin waɗannan shi ne ko murya ta fito tas ko ta ɗauke ɗif, babu tsaka-tsaki. Na kawo su ne saboda mai sayen rediyon gwanjo daga Turai: idan ya ga DAB a jiki ya danna bincike, zai kwana yana jira, don babu tashar DAB a Haɗejiya. Sai ya mayar da shi kan FM. Sauyin dijital da aka fara a Jos a 2016 kuwa na talabijin ne, bai taɓa rediyonka ba.

Zango uku, hanya uku

Kafin ka taɓa kowane maɓalli, ka san ta inda muryar take zuwa maka, don kowane zango da hanyarsa.

FM kamar hasken tocila yake. Miƙe yake tafiya, abin da ya tare shi ya tare shi, kuma inda doron ƙasa ya lanƙwasa nan ya tsaya. Matsakaicin zango, wanda ake rubuta MW ko AM, rarrafe yake yi a jikin ƙasa kamar ruwan da ke malala a fadama. Gajeren zango, SW, sama yake harbawa, ya bugi wani rufi na iska da hasken rana ya caje, can sama da kilomita 200, ya dawo ƙasa a wata nahiyar. Da haka Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a ranar 13 ga Maris 1957, ya shiga bukkokin masunta da rugagen Fulani tun kafin a kai wa garuruwan da ke kusa da su lantarki.

Da yake hanyoyin uku ne, maganin ma uku ne. Abin da zai gyara maka FM ba zai yi wa matsakaicin zango komai ba.

FM: tsawo ya fi ƙarfi

Ƙasar Haɗejiya shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Auyo zuwa Kirikasamma har Guri babu dutsen da zai tare maka FM, wannan alheri ne. Amma babu kuma tudun da za ka hau. Hasumiyar tasha mai tsawon mita 100 tana hango kimanin kilomita 40 ne kafin ƙasa ta lanƙwasa. Rediyon da ke hannunka kana tsaye yana ƙara wajen kilomita 5 a kai. Eriyar da aka ɗaga mita 9 a kan gora ko bututu tana ƙara wajen 12. Dutse ta haura kilomita 100 daga Haɗejiya a miƙe, Kano kuwa ta haura 150. Shi ya sa tashar gida irin Sawaba FM take cika ɗaki ko eriya a naɗe, amma Freedom Radio ta Kano a kan 99.5 sai an yi dace.

Dacen yakan zo. A wasu safiyoyin hunturu, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa mai ɗumi ta hau kanta, sai su yi wa FM wata irin kwata da zai bi ya yi nisan da bai saba yi ba. Ka ji tashar nesa tas bayan asuba, hantsi na yi ta ɓace. Rediyon bai lalace ba, rana ce ta rushe kwatar.

Tsawon eriyar da ya dace da FM wajen santimita 75 ne, kamu ɗaya da rabi ke nan a kimance. Ka ja ta zuwa haka, ka gwada ta a tsaye, ka kwantar da ita, ka karkata ta, kana kallon alamar ƙarfin tasha a gilashi. Wannan alama ita ce babbar kyautar da mai lamba ya zo da ita: idonka yana ganin abin da a da sai dai kunne ya yi kirdado. Rufin kwano abokin gabar FM ne. Taku biyu zuwa bakin taga ko ƙofar ɗaki yakan yi abin da sabon batir bai yi ba. Mai sauraro a wayar hannu ya sani cewa igiyar iyafis ita ce eriyarsa. In ya dunƙule ta a aljihu ya naɗe eriya ke nan.

Sai maɓallin da mutane da yawa ba su san amfaninsa ba, wanda aka rubuta ST ko MONO a kai. Sitiriyo yana raba sauti gida biyu, na kunnen dama da na hagu, kuma yana bukatar tasha mai ƙarfi ninkin ba ninkin kafin ya fita ba tare da shiiii ba. Tashar nesa da ke huci a sitiriyo, kana mayar da ita mono sai hucin ya faɗi. Rediyo mai lasifika ɗaya ma ba abin da sitiriyo zai ƙara masa. A wurina, mai sauraron labarai da wa'azi a ƙauyukan bakin kogi ya bar rediyonsa a mono kawai ya huta.

Akwai kuma rediyon da ba ƙasarmu aka yi wa shi ba. Zangon FM ɗinmu daga 87.5 ne zuwa 108. Na Japan daga 76 yake farawa, tsofaffinsa su tsaya a 90, shi ya sa wasu motocin da aka shigo da su daga can ba sa kaiwa 99.5. Na motocin Amurka kuma lambobin mara kawai suke takawa a bayan ɗigo, 99.3, 99.5, 99.7, su tsallake na cika. Rediyon hannu da yawa suna da wurin zaɓen zango. Ka zaɓi wanda ya fara daga 87 ko 87.5.

Tara ko goma

A nan ne tambayoyi irin ta farkon babin nan suka fi samun amsa. Tashoshin matsakaicin zango a Afirka da Turai da Asiya an jera su ne da tazarar kilohaz 9, daga 531 zuwa 1602. A nahiyar Amurka tazarar 10 ce. Kamfanin da ke sayar wa duniya duka yana sa saitin biyu a rediyo ɗaya, kuma wani lokacin yana barin masana'anta a kan 10.

Ɗauki Rediyon Najeriya na Kaduna, wanda ya samo asali a 1962, kuma aka san shi shekara da shekaru a kan 594. Rediyon da ke tsallen goma-goma zai taka 590, ya dira a 600. Ba zai taɓa sauka a 594 ba, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsun da aka jera wa wani mai dogon taku. Abin da zai ji shi ne gefen muryar, a shaƙe, cikin ƙara. Mai allura bai san wannan matsala ba, don shi ba ya tsalle.

Ga hanyar ganewa ba tare da takarda ba. Ka shiga MW ka danna gaba sau uku ko huɗu. In lambobin duk da sifili suke ƙarewa, a kan 10 kake. In a kan 9 kake, duk lambar da ta fito in ka tara ƙwayoyinta za ka samu 9 ko 18 ko 27. 5 da 9 da 4 sun ba da 18. Wurin sauyawa ya bambanta. A wasu ɗan makunni ne a cikin gidan batir, a wasu maɓalli ne mai alamar 9/10 da ake dannewa a riƙe lokacin da rediyon ke kashe. Aikin daƙiƙa biyar ne, kuma ina jin ciwon yawan rediyon da aka jefa ƙarƙashin gado saboda shi.

Abu na biyu: eriyar ƙarfe da kake ja ba ta aiki a matsakaicin zango a yawancin rediyon hannu. Akwai wata sanda baƙa da aka naɗe da waya, kwance a cikin akwatin daga dama zuwa hagu, ita ce ke kamawa. Tana ji sosai ta gaba da ta baya, tana kurmancewa ta kan bakinta biyu. Saboda haka rediyon gaba ɗaya ake juyawa. Mutumin Haɗejiya yana da sauƙi a nan: Kano da Kaduna suna yamma maso kudu da shi, kusan kishiyar alƙibla. In ka sa fuskar rediyon ta kalli gabas kamar mai salla, bayansa na kallon wajensu, ka kusa daidai; sai ka ɗan karkata dama ko hagu har murya ta cika. Kurmancin ma yana da amfani. In wata tasha tana shiga maka, ka juya har bakin sandar ya nuna ta, sai ta yi ƙasa ta bar maka taka.

Ƙasa ma tana da hannu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshen rairayi ɗaukar wannan zango, don haka mai noman shinkafa a fadama yakan ji abin da na kan jigawa bai ji ba da rediyo iri ɗaya. Sai dai damina tana bayarwa da dama ta karɓe da hagu: kowace walƙiya, ko a nesa take, sai ta yi ƙarar ƙas-ƙas a AM. Babu maɓallin da ke kashe wannan. Masunta ma sukan ɗauke ta gargaɗi, cewa hadari na haɗuwa a wani wuri.

Da dare kuwa zangon yakan cika maƙil da Larabci da Faransanci. Dalili shi ne akwai wani rufin iska na ƙasa-ƙasa, tsakanin kilomita 60 da 90 a sama, da ke shanye matsakaicin zango muddin rana na sama. Rana na faɗuwa sai ya watse, tashoshin nesa su samu hanyar bugun rufin sama su sauko mana.

Mita da lamba

Dattijo ya san tasharsa da mita: mita 49, mita 31, mita 16. Sabon rediyo kuma lamba yake nuna masa, 6090 ko 9.500 ko 17.700. Abu ɗaya ne aka faɗa da harshe biyu, kuma lissafin mai sauƙi ne: ka raba 300 da lambar megahaz, mita za ta fito. Lambar gajeren zangon Kaduna da aka sani, 6090, megahaz 6.09 ke nan. 300 a raba da ita ya ba da 49 da 'yan kai. Mita 41 tana wajen 7.2 zuwa 7.4, mita 31 wajen 9.4 zuwa 9.9, mita 25 wajen 11.6 zuwa 12.1, mita 19 wajen 15.1 zuwa 15.8, mita 16 kuma wajen 17.5 zuwa 17.9. Wanda ya rubuta wannan a takarda ya manna a bayan rediyonsa ya gama da rabin wahalar.

Ƙa'idar lokaci ita ce: rana tana son manyan lambobi, dare yana son ƙanana. Da azahar ka nemi mita 19 da 16 da 13. Da asuba da bayan isha ka sauko 49 da 41 da 31. Shi ya sa tasha ɗaya take sanar da mitoci dabam-dabam ga shirin safe da na rana da na dare. Kuma manyan tashoshin duniya suna sauya jadawalinsu sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Mai allura ba ya lura sosai, don kullum lalube yake yi. Mai lamba da ya ajiye tasha a ma'ajiya sai ya wayi gari ya danna ya ji wayam. A waɗannan makonni ka kasa kunne ga sanarwar mitoci a farkon shiri ko ƙarshensa.

Wani lokacin kuma tashar ce ta tafi. Muryar Jamus, wadda ta fara Hausa a 1963, ta rufe tasharta ta Kigali a 2015. Muryar Amurka, wadda ta fara Hausa a 1979, an dakatar da shirye-shiryenta a watan Maris na 2025 bisa umarnin gwamnatin ƙasar. Mutane da yawa a lokacin rediyonsu suka fara zargi. Kafin ka kai shi wurin mai gyara, ka tambayi maƙwabci ko shi yana samu.

A gajeren zango eriyar ƙarfe tana aiki, kuma a ja ta duka. In ana son ƙari, wayar lantarki mai rufi ta mita 5 zuwa 10, a ɗaure ta a reshen darbejiya a maƙala bakinta a eriya, tana yin abin mamaki. Amma kada a zarce. Waɗannan ƙananan rediyo in aka ɗura musu fiye da cikinsu sai su ƙware, ka ji tasha ɗaya tana fitowa a wurare biyar. In haka ta faru, ka rage wayar, ko ka tura makunnin da aka rubuta DX da LOCAL zuwa LOCAL. Wannan makunni shi ma yana cikin masu sa a zargi rediyo: DX na tashar nesa ne, LOCAL na ta kusa, kuma yaro yana iya tura shi ba wanda ya sani. Ina roƙon mai karatu abu biyu a kan wayar nan: kada ta kusanci wayar wutar lantarki, kuma a cire ta daga rediyo da zarar hadari ya taso. A filin fadama da babu dogon gini, waya a kan bishiya kiran tsawa ce.

Ɓarawon cikin gida

Shekarun baya ƙauye shi ne aljannar mai sauraron gajeren zango, don babu abin da ke damun iska. Yanzu kusan kowane gida da sola, da inbata, da ƙwan fitila mai tsimin wuta, da cajar waya ta arha. Kowannensu yana fesa ƙara a AM, wani zzzz, wani kamar ana suya. Na taɓa zama da wani manomi da ya rantse cewa tashoshin waje sun rage ƙarfi. Muka ɗauki rediyonsa muka fita bayan gida, taku talatin, murya ta dawo kamar mai maganar yana zaune a tabarmarmu. Cajar da ke maƙale kusa da gadonsa ce.

Gwajin ke nan. Ka sa rediyon a batir, ka cire shi daga caji, ka yi ta kashe kayan gidan ɗaya bayan ɗaya har ƙarar ta ɗauke. Wanda ka kashe na ƙarshe shi ne mai laifin. Sauraro a lokacin da rediyon ke caji kuwa, a AM, kusan kullum da ƙara yake zuwa.

Gyaran murya

An kama tasha, saura a ji abin da ake faɗa. Masu kyau daga cikin rediyon nan suna da maɓallin BW, wanda ke sauya lambobi kamar 6, 4, 3, 2, 1. Faɗin ƙofar da sauti ke shigowa ke nan. Manomin da ke ban ruwa a aikin noman rani na kwarin Haɗejiya ya san abin: in ka buɗe ƙofar kwata sosai ruwa zai shigo da yawa, amma da ciyawa da kacala; in ka tsuke ta, ruwan zai yi tsabta amma ya ragu. Tashoshin gajeren zango kilohaz 5 ne kawai tsakaninsu, don haka da dare maƙwabciya takan leƙo da fito ko ƙyas-ƙyas. Sai ka sauko 3 ko 2. Tasha mai ƙarfi da ba ta da maƙwabci, ka ba ta 4 ko 6 ka ji daɗinta.

Tsukewa tana da farashi, kuma mai jin Hausa zai gane shi nan take. Sautukan s da sh da ts a can saman murya suke, su ne ƙofa ke fara yankewa. In ka sauka zuwa 1, sara da shara da tsara duk sai su koma kamar kalma ɗaya da aka faɗa a cikin tulu. Dabarar masu sauraro ita ce a tsaya a 3, sannan a gusa lambar da kilohaz ɗaya zuwa ɓangaren da babu mai kutse. Muryar za ta ɗan washe, maƙwabciyar kuma ta yi nisa.

Haka batun makunnin sauti mai kauri da siriri. Kauri na kiɗa ne, yana fito da ganga da kalangu. Magana kuwa tsakiya take zaune. Wayar tarho tun asali tsakanin haz 300 da 3400 kawai take ɗauka, kuma ana fahimtar juna. In tasha tana da huci, ka rage siririn. In muryar ta yi gum kamar daga rijiya, ka rage kaurin. Sabbin rediyo masu karɓar memori suna zuwa da jerin saitin sauti iri-iri. A yawancinsu wannan na waƙoƙin memori ne, ba ya taɓa tasha.

Akwai wani hali na mai lamba da ke ba mutane haushi. In tasha ta yi rauni, sai ya rage murya da kansa don ya ɓoye ƙara. Gajeren zango kuwa dama hawa da sauka yake yi kamar igiyar ruwa, sai ka ji mai labarai yana nutsewa yana tasowa fiye da yadda ka saba. A wasu rediyon ana iya kashe wannan, a wasu ba a iyawa. Inda ba a iyawa, maganin shi ne ƙara wa tashar ƙarfi da waya ko sauya wuri, ta yadda ba za ta faɗa ƙasa da inda rediyon ke fara yin shiru ba.

Kada ka ƙure murya. Ƙaramar lasifika in aka matsa mata sai ta fara karkarwa, kalmomi su dagule, batir kuma ya tafi da wuri. In wuri da hayaniya, kamar kasuwar kifi ranar da motoci suka cika, iyafis ya fi ƙurewa amfani. In kana murɗa abin ƙara murya kana jin ƙaras-ƙaras, ƙurar hunturu ce ta shiga. Ka kashe rediyon ka murɗa shi gaba da baya sau ashirin. In bai daina ba, mai gyara yana da abin fesawa. Kada a zuba masa man ja ko kalanzir.

Ajiye abin da ka samu

Maɓallin bincike da kansa, ATS ko SCAN, yana zagaya zango ya ajiye duk abin da ya ji. Yana da kyau a FM, in an yi shi a waje da eriya a buɗe. A gajeren zango ba na ba da shawararsa: abin da ke kan iska a wannan mintin kawai zai ajiye, ya tsallake raunana, wani lokacin ya goge waɗanda ka sha wahalar nemowa. Gara ka ajiye da hannunka, na safe a jere, na dare a jere. Jadawalin tashoshin waje da agogon GMT ake rubuta shi, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya. 19:30 a takarda ƙarfe 8:30 na dare ne a Haɗejiya.

Dalilin da ya sa na tsawaita a kan abin da wani zai ga ƙarami ne shi ne ruwa. Kogin Haɗejiya daga madatsun Tiga da Challawa yake samun yawancin ruwansa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda take zuwa: hanya ta yanke, wuta ta ɗauke, waya ta mutu ba wurin caji. A irin wannan dare, sanarwar Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, ko hasashen NiMet, ko kiran a fito a ƙarfafa jinga, ta rediyo mai batir suke isa Auyo da Kafin Hausa da ƙauyukan Guri. Ba ranar ce ta koyon maɓalli ba.

Duk saitin nan kuwa a kan abu ɗaya ya dogara. Mai allura in batir ya yi sanyi muryarsa ce ke raguwa a hankali, mai lamba kuwa ɗif yake ɗaukewa, wani ma ya manta agogo da tashoshin da aka ajiye masa. A babi na gaba za mu buɗe bayan rediyon mu duba batir: bambancin na zubarwa da na caji, yadda ake cajinsa da ƙaramar sola ba tare da an kashe shi ba, da yadda ake adana shi a zafin bazara. Kafin nan, mai karatu, ka ɗauko rediyonka yau da daddare, ka shiga MW, ka duba ko tara yake tsalle ko goma.